Ranar da Kawu Stamen Ya Juya wa Totsilo Baya

Jama'a, ku yi mini haƙuri, kwana tara ban rubuta komai ba. Na ga saƙonninku. Wata baiwar Allah har tambaya ta yi ko mota ce ta danne Radoye. Ba ta danne ni ba, 'yar'uwa. In na fara rubutu ne sai in goge, in tashi in zaga shago, in dawo in sake gogewa. Yanzu haka a kan bencin gidan burodi nake zaune ina jira, shi ne na ce gara in ba hannuna aiki ko na samu sauƙi.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni ne Radoye, mai facin taya a bakin hanyar zuwa Nish, nan garin Pirot. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku tsallake shi. Shekara uku ke nan ina neman Senka, 'yar Kawu Stamen. Shi kuwa Kawu Stamen da abu biyu aka san shi a garin nan, walda da Totsilo. Tun kafin a haifi Senka yake bin 'yan kiɗan rok ɗin nan gari-gari. Sunansu ma da ƙarfe ya walda shi a jikin ƙofar gidansa. Mutum arba'in da wani abu ne a ƙungiyar masoyansu ta Pirot, kuma shi ne babba, ba a taɓa yin zaɓe ba, ba a kuma taɓa yin musu ba.

Kowa a cikinmu yana da falmaran ta jins mai babban tambarin Totsilo a baya. Doka biyu ce a kanta. Ba a wanke ta, ko shekara talatin za ta yi. Kuma namiji da hannunsa yake ɗinka tambarinsa, ba keke, ba mata. Tawa Kawu Stamen ne ya ba ni bara, ranar bukin da gidansu ke yi wa waliyyinsu duk shekara, a gaban baƙi. Ita ce tasa ta ƙuruciya, kafin tumbi ya raba su. Da na sa ta, Inna Desa, mahaifiyar Senka, ta miƙo mini faranti tana raɗa mini, "To, ka shigo gida ke nan. Sai dai ka yi haƙuri da warin."

A watan Mayu Totsilo suka fitar da sabon faifai. Waƙa goma, bakwai a ciki masu sanyi ne, irin waɗanda ake rungume juna ana lilo. Har da fiyano. Tun ranar garin nan bai zauna lafiya ba.

To bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Akwai wata a ciki, "Kujera Biyu a Baranda". Ranar da na fara jin ta ina ƙarƙashin wata tsohuwar babbar mota, na ajiye sifana na kwanta a wurin har ta ƙare. Tun daga nan kullum sai na ji ta. Amma duk lokacin da Kawu Stamen ya tsine mata a kan teburin cin abinci, sai in gyaɗa kai in ce, "Haka ne, Kawu."

Ranar Laraba ake yin aibar a gidansu, wato miyar gasasshen tattasai da ake ɗurawa a kwalabe don hunturu. Buhu huɗu na jan tattasai, murhu a tsakar gida, hayaƙi ya cika unguwa. Kawu Stamen yana gashi, ni da Senka da Kawu Toza maƙwabcinsu, direban bas, muna ɓare baƙin ɓawon, Inna Desa tana kan tukunya da muciya. Yatsuna sun yi jawur, suna zafi.

Kawu Toza ne ya tsokano maganar. "Stamen, ka bar mutanen nan su huta mana. Mitke fa ya haura sittin. Wane maƙogwaro ne zai yi shekara arba'in yana ihu bai tsage ba?"

Mitke shi ne mawaƙinsu.

"In ya tsage ya je ya yi kiwon zuma," in ji Kawu Stamen. Ya juya tattasai da yatsa, ko a jikinsa. "Mutumin da ya yi 'Guduma'! Mutumin da na bi shi har Zagreb a bayan motar kabeji! Yau shi ne yake mini waƙar kujera. Kujera, Toza! Gobe kuma sai ta labule."

"Ai waƙar ba laifi."

"Ba laifi a gidan biki, lokacin yanka kek. Kai dai an san ka, tun muna makaranta kake kuka in an yanka kaza."

"Kai kuma kunnenka ɗaya walda ta cinye, ɗayan Totsilo. Da me ka ji ta ma har ka ƙi ta?"

Inna Desa ta yi dariya har muciya ta kusa suɓuce mata. "Ka bar shi, Toza. Tsoro yake ji in ce ya tashi mu yi rawa. Shekara talatin ban da tsalle da girgiza kai bai iya komai ba."

Kawu Stamen bai yi dariya ba. Ya goge hannu a wando, ya ce an gama shawara. Ranar Asabar Totsilo za su yi wasa a filin ƙwallo. Kafin ranar kowa zai farke tambarin bayansa ya ɗinka shi a kife, kai a ƙasa. In suka yi tsofaffin waƙoƙi a yi musu ihu yadda aka saba. Da zarar fiyano ya taɓa, duk mu juya wa dandamali baya, Mitke ya karanta amsarmu a jikin rigunanmu.

"Wanda bai juya ba, ba namu ba ne," ya ce. Sannan ya dube ni. "Ko ba haka ba, Rade?"

Na ji idon Senka a gefen fuskata kamar garwashi.

"Haka ne, Kawu."

Sai da muka je famfon bayan gida wanke kwalabe Senka ta tare ni. Tana sanye da tsohuwar rigar ubanta ta aiki, ta ɗaure gashi da jan ƙyalle, ga baƙin gawayi a haɓarta. Na kai hannu zan goge mata, ta kauce.

"Rera mini ita," ta ce.

"Wace?"

"Kada ka raina mini hankali. Ran nan na kawo maka burodin burek shago, na tsaya a bakin ƙofa minti biyar. Kana ƙarƙashin mota kana 'kujera ɗaya tawa, ɗaya na goge miki ƙura'. Har da rufe ido."

Na sunkuya na ci gaba da goge kwalbar da ke hannuna.

"Ni waƙar ba ta dame ni ba, Rade. Su yi ihu, su yi kuka, su ta shafa. Kai ne ka dame ni. Shekara uku, Baba ya ce kofi ya yi ɗaci, haka ne Kawu. Ya ce ya yi zaƙi, haka ne Kawu. Ni wa zan aura? Kai, ko Baba ƙarami?"

"Ai girmamawa ce, Senka."

"Girmamawa daban, wannan daban." Ta kashe famfo. "Gwaggo Zorka ta sake kira daga Jamus. Gidan kula da tsofaffin da take aiki suna neman mutum, ɗaki ma akwai. Ranar Litinin take son amsa."

Tun bazara ake wannan maganar, amma ba a taɓa sa mata rana ba.

"Me za ki ce mata?"

"Ban sani ba. Ranar Asabar ni da Mama za mu zauna a matakala ta gefen hagu, daga can ana ganin kowa. In ka tsani waƙar da gaske, ka juya, ba zan ce uffan ba. Amma in kana son ta ka juya don Baba ya juya, to na san amsar da zan ba Gwaggo."

"In ban juya ba kuma ya kore ni daga gidanku."

"Mai yiwuwa," ta ce, ta ɗauki kwandon kwalabe ta wuce.

Ku gaya mini, jama'a, mutum ya yi yaya?

Alhamis da Juma'a waya ba ta huta ba. A guruf ɗinmu kowa sai turo hoton bayansa yake yi, tambari a kife. Wani ya rubuta, "Na gama, Allah Ya jiƙan Totsilo." Wani ya ce, "Matata ta ce in bari ta ɗinka mini da keke, na ce ko a mafarki." Kawu Toza ya turo, "Ni dai cinya ta hana ni juyawa da sauri, sai ku jira ni," aka bi shi da zagi har guda ashirin. Kawu Stamen ba ya iya rubutu a waya, murya yake turowa, ana jin ƙarar injin walda a baya. "Saura mutum shida. Na san su."

Ina cikin shidan.

Na rubuta wa Senka, "Kin ci abinci?" Ta amsa, "Na ci." Na rubuta, "Ina tunaninki." Ta turo, "Ka yi tunanin kanka tukuna." Na daɗe ina kallon wannan. Na sa wa wani mutum iska a taya ɗaya sau biyu, ɗayar na manta da ita, sai da ya dawo daga kwana yana faɗa.

Juma'a da rana na rufe shago na zauna a kan taya da reza. Na farke tambarin a hankali, zare bayan zare. Ɗinkin Kawu Stamen ne na tun yana saurayi, manya-manya, a karkace, da zaren kamun kifi. Da na cire, wurin ya fito shuɗi sabo fil, sauran rigar duk ta koɗe. Na ɗora tambarin a kife, na zura allura, na kasa sokawa. Na juya shi daidai, nan ma na kasa. Haka na yi ta juya shi a cinyata har wani mai tarakta ya yi mini hon. Na ninke shi na sa a aljihu.

Asabar ƙarfe biyar filin ya cika, rana ba ta ko sauka ba. Ƙamshin gasasshen nama, yara a wuyan iyayensu, 'yan mata da yawa waɗanda ban taɓa gani a wasan Totsilo ba. Mutanenmu sun kama gaban dandamali tun ƙarfe uku, layi huɗu, baƙin wando, falmaran, furfura da sanƙo. Kawu Stamen yana tsakiyar layin farko, ya riƙe ƙarfen shinge.

Ya kama kafaɗata ya juya ni kamar taya. "Ina tambarin?"

"Yana aljihu, Kawu. Zare ne ya ƙare mini."

Ya dube ni, ya dubi rigar. "A duk Pirot babu zare." Ya yi tsaki. "Ba komai, baya dai baya ne. Tsaya nan, daidai bayana, in ji numfashinka."

Na tsaya. Na saci kallon hagu. Suna can a matakala ta shida, Inna Desa da lema, Senka da farar riga mai ɗigon shuɗi, wadda ta san ina so. Ba ta ɗago mini hannu ba.

Suka fito, suka buɗe da "Guduma". Wallahi na manta da komai. Ƙasa tana girgiza, ganga tana dukan ƙirji, Kawu Stamen yana kaɗa kai kamar ɗan shekara ashirin, gumi yana fantsamo mini. Mitke ya tsufa, muryar tana karcewa a sama, amma mu muka cika masa. Waƙa biyar a jere haka. Har na fara cewa a raina ko sun ji labari ne, sun fasa masu sanyin. Na roƙi Allah ya sa haka ne.

Sai aka turo fiyano.

Mitke ya zauna, ya goge fuska da tawul, ya ce, "Wannan ta waɗanda suka gaji da gudu ce." Ya taɓa sau uku. Ita ce.

Kawu Stamen ya ɗaga hannu, ya sauke. Mutum arba'in suka juya a tare, ka ce sojoji. Har Kawu Toza, da cinyarsa da komai.

Ni ban yanke wata shawara ba, kada in yi muku ƙarya in ce jarumi ne ni. Na dai ce wa ƙafata bari Mitke ya gama baitin farko tukuna. Da ya gama na ce bari ya kai amshi. Kun san ni da nawa.

Abin da babu wanda ya lissafa shi ne wannan: wanda yake layin farko in ya juya wa dandamali baya, wanda yake bayansa zai fuskanta. Kawu Stamen ya juyo yana tsammanin ƙeyata, sai ya ga fuskata. Tsakaninmu bai kai tafin hannu biyu ba. Dama da hagu an matse, gaba shinge, babu inda ɗayanmu zai matsa. Ina ganin gumi a gashin bakinsa, ina jin warin tafarnuwar da ya ci.

"Juya," ya ce.

"Yanzu, Kawu."

"Juya, Rade."

Aka zo amshi. 'Yan matan nan na baya suka ɗauka, filin duka ya ɗauka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ba da ƙarfi ba, a hankali, yadda nake yi a ƙarƙashin mota. Amma a fuskarsa nake yi, don babu wani wurin da zan kai tawa fuskar. Kujera ɗaya tawa, ɗaya na goge miki ƙura.

Ya zuba mini ido har na kai ƙarshen baitin ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Ka iya ta duka," ya ce.

"Duka, Kawu."

"Tun yaushe?"

"Tun Mayu."

Na ɗauka zai yi ihu, ko ya ɗaga hannu. Da ya yi hakan da ya fi mini sauƙi. Muryarsa ce ta yi ƙasa, sai da na karanta a leɓensa.

"Wata huɗu kana zaune a teburina, kana cin abincin matata, ina magana kana ce mini haka ne. Toza ya faɗa mini a ido, shi ya sa yake abokina. Kai kuwa ka mai da ni mahaukacin da ake lallaɓawa."

"Ba haka ba ne, Kawu."

"Yau ka iya cewa ba haka ba ne." Ya miƙo hannu. "Cire mini rigata."

Na cire. Da ƙyar, saboda matsi, gwiwar hannuna ta bugi na kusa da ni, ya waigo, na kusa da shi ma ya waigo. Kafin in gama, rabin layin sun karya wuya suna kallo. Na ciro tambarin daga aljihu na haɗa masa. Ya rungume su a ƙirji.

"Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofata."

Waƙar nan minti shida ce. Ban taɓa sanin tsawonta ba sai ranar. Saura minti uku, kuma babu mai iya tafiya. Haka muka tsaya, shi yana kallon saman kaina, ni ina kallon Mitke ta gefen kunnensa, daga ni sai 'yar singileti, iska tana taɓa bayana inda shekara guda ba ta taɓa ba. Ban ci gaba da rerawa ba. Amma ban juya ba.

Da aka tashi na bi ta ƙofar baya ni kaɗai. Mutanen da muke gaisawa kullum suka wuce ni kamar turken lantarki. Kawu Toza ne kawai ya matse mini hannu a ɓoye ya ce, "Ka fi ni, ɗan banza," ya yi gaba da sauri. Kafin in kai wurin da na jingine kekena an cire ni daga guruf.

Senka tana tsaye a jikin keken.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ashe haka kafaɗunka suke."

"Ya ce kada in sake zuwa gidanku."

"Na gani. Mama ma ta gani, lemarta ta faɗi." Ta ciro wata 'yar rigar sanyi daga jaka, tata ce, ruwan hoda, ta yafa mini. "Muryarka ba daɗi, ka sani?"

"Daga can kika ji?"

"Ba sai na ji ba."

"To Gwaggo Zorka fa?"

"Litinin ba ta yi ba tukuna. Gobe Lahadi, ƙarfe goma, ka zo gidanmu. Ka sa farar riga, ka zo da fure na Mama, da kwalbar giyar rakiya ta Baba. Ka nemi aurena da bakinka, ba da gyaɗa kai ba."

"Senka, yanzun nan fa ya kore ni."

"Ya kori mai cewa haka ne. Wannan bai san shi ba tukuna. Ni ma yau na fara ganinsa, ina so in ga ko zai kai gobe." Ta juya za ta tafi, ta waigo. "Goma, Rade. Ba goma da kwata irin taka ba."

Shi ne kuka gan ni a kan bencin nan tun ƙarfe takwas da rabi. Gidansu yana tsallaken titi. Farar rigar ta matse mini wuya, furen ya fara laushi, mai burodi ta leƙo sau uku tana tambaya ko lafiya. Na shirya maganar da zan yi tun asuba, yanzu ko kalma ɗaya ban tuna ba. Labulen ɗakin sama yana motsi, na san ko wace ce.

Tun ƙarfe tara Kawu Stamen ya fito da kujera ya dasa ta a bayan ƙofar ƙarfen, ya zauna ya harɗe hannu. Bai je coci ba, bai kunna injin walda ba, bai kunna kiɗa ba. Ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba. Ya san ina nan. Sau biyu muna haɗa ido, ni nake fara kawar da kai.

Goma saura minti uku. Yanzun nan ya miƙa ƙafa, bai ko tashi ba, ya tura ƙofar da takalminsa. Ba ta buɗe duka ba. Iya inda mutum ɗaya zai wuce ne, shi ma sai ya shiga a karkace, kuma sai ya goge shi kafin ya wuce.

Bari in sa wayar a aljihu. Hannu biyu nake bukata.